Wata biyar da fara aikin lambun gida: inda na kwana a kan ciniki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan sana'a. Rabona da rubuto muku tun cikin hunturu, lokacin da nake kukan irin gwandata ya ƙi fitowa. Yanzu muna tsakiyar Afrilu, Kano ta ɗau zafi, gidajen da nake kula wa da shuka sun kai shida. Hannu ya fara faɗawa a wajen dashe, amma abin da ya fi ba ni wahala a watannin nan shi ne buɗe baki in faɗi kuɗi.

Aikina na farko a gidan Goggo ne a Hotoro. Zogale huɗu, lemon tsami ɗaya, sai na'a-na'a da alayyahu a cikin buhuna, don tsakar gidan duk siminti ne. Da na gama ta ce nawa ne, na sunkuyar da kai na ce, "Haba Goggo, ki ba da abin da ya sauwaƙa." Ta ba ni naira 3,000 da kwanon dambu, ta sa mini albarka. Da dare na ɗauko biro na yi lissafi: kuɗin adaidaita zuwa da dawowa sau uku, buhun taki, ƙasar da na sa aka kawo a baro. Ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Ban yi da-na-sani ba, Goggo ce, kuma maƙwabciyarta a nan ta ga na'a-na'ar ta sa mijinta ya neme ni. Amma tun daga ranar na daina furta kalmar nan ta "abin da ya sauwaƙa".

Na yi ta sa hotuna a WhatsApp, na sha "masha Allah" har na ƙoshi, mutum ɗaya ne kawai ya kira. Waɗanda suka kawo mini aiki na gaske masu gadi ne da 'yan ga-ruwa. Su ne suka san gidan da fulawarsa ta bushe, da gidan da mai yanke shinge ya tafi ƙauye bai dawo ba. Na faɗa musu akwai la'ada idan ciniki ya faɗa, kuma ina biya a ranar, ba sai an bi ni ba. Wani abu kuma ga 'yan uwa maza: yawanci uwargida ce ke son ganye a tsakar gida, amma da maigida ake ciniki, shi ke ba da izinin shiga. Ni da ƙanena ɗan shekara 12 nake zuwa, shi yake yin sallama ya shiga da bokiti kafin a ce in shigo.

Cinikin da ya koya mini darasi na wani Alhaji ne a Nasarawa. Gida ne mai ciyawa da dogon shinge da bishiyoyin mangwaro uku. Na zagaya sau biyu, na duba akwai rijiyar burtsatse, na ƙirga a raina zan riƙa zuwa sau biyu a mako. Na ce naira 15,000 a wata. Ya dube ni ya ce, "Yaro, dubu takwas." Gabana ya faɗi, don a lokacin dubu takwas ɗin ma ina bukatarta. Na daure na ce, "Albarka, ranka ya daɗe." Ya yi dariya ya ce ashe na iya ciniki. Muka tsaya a 12,000, ruwa nasa, taki nasa, almakashi da lauje nawa. Da na fito sai da na zauna a bencin maigadi ƙafata ta daina rawa.

Kun ga na ce ruwa nasa. Nan ne duk rikicin yake. A wani gida da babu burtsatse na yi kuskuren yanke kuɗi dunƙule, ban cire ruwa ba. Sabon dashe a bazara kullum sai ya sha, ga jarka tana ƙara kuɗi duk ranar da babu wuta. Kafin wata ya ƙare ladana duka ya tafi aljihun mai kura. Haka kuɗin hanya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba abin da mutum zai ce "ba komai" a kai ba ne. Shi ya sa na ƙi wani aiki a Kabuga duk da kuɗin da kyau, na fi son gidaje uku a layi ɗaya da zan bi da ƙafa.

Yanzu kafin in faɗi kuɗi sai na buɗe ɗan littafina a gaban mai gida. Kuɗin kaya daban, wato dashe da taki da ƙasa, kuma shi ake fara bayarwa a matsayin kafin alƙalami. Sannan kuɗin hanya, sannan ladan hannu. Na lura idan mutum ya ga an rarraba masa, tayin nasa a kan lada kawai yake tsayawa, ba ya taɓa kuɗin kaya. Mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura wa reshen wani iri mai kyau, nakan sa shi kusan ninki uku na wanda aka shuka daga ƙwallo, in yi bayani cewa mai auren yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, kuma ka san irin da za ka ci. Yawancinsu mai auren suke ɗauka. Na'a-na'a kuwa gyara nake bayarwa, reshe ɗaya ya isa ya cika buhu.

Sai maganar shukar da ta mutu, wa zai biya? Sau biyu abin ya same ni. Na farko gwaiba ce, na tona gindinta na tarar gara ta cinye saiwar. Laifina ne, kashin shanun da na zuba bai gama ruɓewa ba, da ragowar kara a ciki. Na sake dasa wata ban karɓi ko sisi ba. Na biyun lemo ne, maigidan ya kira ni yana faɗa wai na sayar masa da mara lafiya. Na je na cusa yatsa a ƙasar, ta bushe ƙamas kamar garin kwaki, yaran gidan sun yi kwanaki ba su ba shi ruwa ba. Na nuna masa, na ce wanda nake shayarwa da hannuna shi nake ɗaukar nauyinsa. Bai ji daɗi ba, har yau kuɗin watan Maris yana hannunsa.

A bayan ɗakina akwai ledojin fiya wata kusan 200 da na cika da ƙasa, rabi zogale rabi darbejiya, ina jiran ruwa ya zauna a watan Yuni. Zogalen ya fito cikin kwana goma. Ban yanke kuɗin da zan sa musu ba tukuna, don a damina kowa gani yake zai iya shukawa da kansa. Ranar Asabar zan koma gidan mai lemon da littafina.