Wasiƙa daga Pilbara: tama mai ratsi daban, marmara daban

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Gombe da Bauchi, musamman ɗaliban ilimin duwatsu da masu haƙar ma'adinai. Gaisuwa daga yammacin Ostireliya.

Ba kowane jan dutse ne irin tama mai ratsi da ake haƙa a nan Pilbara ba. Tamar da ke cikin dutsen yashin Gombe shekarunta kimanin miliyan 70 ne, marmara kuwa ruwan sama da zafi ne suka samar da ita a saman ƙasa. Tama mai ratsi ta tsaunukan Hamersley da ke nan Pilbara ta kai shekara biliyan 2.5, ta Isua a Girinlan kuma ta doshi biliyan 3.8.

A ƙasan teku ta kwanta, tun iskar oksijin ba ta wadatu ba. Maɓuɓɓugan ruwan zafi suna ta zubo sinadarin ƙarfe, yana narke cikin ruwa abinsa. Da ƙananan halittu suka fara fitar da oksijin, sai ƙarfen ya yi tsatsa ya nutse, silika (sinadarin da ke cikin yashi) ta hau kansa, wani ƙarfen ya sake hawa, ratsi bisa ratsi kamar saƙi. Wadda ta kwanta kusa da duwatsu masu aman wuta, samfurin Algoma, ba ta da faɗi. Samfurin Superior, ta gefen nahiya, ita ce mai shimfiɗar ɗaruruwan kilomita. Wajen shekara biliyan 1.8 da suka wuce abin ya ɗauke, sai wajen shekara miliyan 700 da suka wuce ya ɗan dawo, zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe duniya.

A daji, a fasa dutsen a duba sabon ɓari, don bayansa ruɗi ne. A kara maganaɗisu don bambance ma'adinan ƙarfe biyu da ke cikinta: magnetait zai kama, hematait ba zai kama ba, amma in an goga shi a bayan tayil zai bar jan zane. Ratsin silika yana karce gilashi.

Shekaru kuwa ba daga tamar ake samu ba. Tokar aman wuta ake nema a tsakanin ratsin, a ciro ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, a auna yuraniyom da darmar da ke cikinsu. Nan ake yin tuntuɓe: zirkon da ruwa ya kwaso daga wani tsohon dutse ya girmi tamar, sai a ɗora mata shekarun da ba nata ba.

Mai son ganin irinta a gida ya nufi Maru a Zamfara ko Birnin Gwari. Kada dai nauyinta ya sa a yi saurin zuba jari. Ɗanyarta ƙarfen bai cika wuce kashi 35 cikin ɗari ba, sai inda ruwa ya wanke silikar yake haura 60.