Kwana goman da Kawu bai lissafa ba

Talata, 4 ga Nuwamba

Sanyi ya fara leƙowa da asuba. Shayin Idi yau babu citta, na yi shiru na sha abina. Fom biyu na Umra, tikitin Alƙahira ɗaya da aka soke, sai firinta da ta sake cin takarda. Da ranar ta wuce lami lafiya in ba don Kawu ba.

Wajen sha ɗaya ya shigo, ko zama bai yi ba ya dire min ambulan a kan tebur. Fasfo biyu ne a ciki, na ango Nura da na amarya Amira, da tikitin da wani yaronsa ya saya masa ta intanet. Tashi Laraba 12 ga wata, sauka a Maldibi, ƙasar tsibirai da ke Tekun Indiya, Alhamis 13. Gudummawarsa ta biki ke nan.

"Ɗan nan, duba min kawai. An ce ƙasar ba biza, kuma ta Musulmi ce, ban ga abin da ya rage ba."

Na ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri. Ina katin rigakafin shawara?"

Ya ce na Nura yana nan. Na Amira kuwa, ai sai a yi mata allurar ranar Litinin idan an gama hidima.

Nan gizo ke saƙar. Takardar rigakafin shawara ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma Maldibi tana neman ta daga duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar. Najeriya na cikin jerin, haka Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Idan aka yi mata ranar Litinin 10 ga wata, katin zai fara aiki ranar 20, alhali suna sauka 13. Ko gobe Laraba da sassafe aka kai ta, sai Asabar 15. Na ɗauko kalanda na ƙirga masa da yatsa har sau biyu. Ya ce to a rubuta kwanan watan baya mana, ai ana yi. Na ce ku yi haƙuri Kawu, ba da ni ba. Katin da jami'an lafiya na filin jirgi suke bayarwa tun 2019 yana da lambar QR, ana haska shi a ga suna da lambar fasfo da ranar allura. Ko ba don haka ba ma, cutar gaskiya ce, ba don ado aka sa dokar ba.

Abin da ya tsaya min a rai har yanzu shi ne kalmar nan ta "ba biza". Kullum sai na ji ta a ofishin nan, kuma ita ke jefa mutane cikin asara. Akwai biza. Abin da babu shi ne zuwa ofishin jakadanci neman ta tun daga gida. Idan ka sauka a filin jirgin Velana, wanda ke tsibirin Hulhule kusa da babban birni Male, jami'in shige da fice ne zai buga maka bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 kyauta, ana kuma iya ƙara ta har ta kai kwana 90 gaba ɗaya idan ka nema kafin ta ƙare. To amma wanda ke da ikon bugawa yana da ikon hanawa. Wanda aka hana a ofishin jakadanci kuɗin fom kawai ya rasa. Wanda aka hana a bakin ƙofa ya rasa tikiti da otal, ga zaman jiran jirgin da zai mayar da shi.

Shi ya sa na zaunar da Kawu na bi masa abin da jami'in zai nema. Fasfo mai layukan nan biyu na ƙasa da na'ura ke karantawa. Dokarsu ta ce ya rage masa aƙalla wata ɗaya, amma ni ba na sakin kowa da fasfon da bai kai wata shida ba, don ma'aikacin kamfanin jirgi ne zai fara duba ka, kuma akwai ƙasar da za ku ya da zango. Sai tikitin dawowa mai tabbataccen kwanan wata. Sai shaidar an kama masauki a wurin da gwamnatinsu ta yi wa rajista, kuma an biya. Hoton shafin otal da aka ɗauka a waya ba shaida ba ce, ana son takarda mai sunan baƙo da ranar shiga da ranar fita, don suna iya kiran otal ɗin a gabanka. Sai kuɗin guzuri da za ka iya nunawa. Dala ake riƙewa, sababbi marasa yagewa ko rubutu a jiki. Naira ba ta da mai canji a can, kuɗinsu rufiya ne.

Akwai kuma fom ɗin sanarwar matafiyi da suke kira IMUGA. Kowane mutum da nasa, har jariri. Ana cike shi ne cikin awa 96 kafin sauka, wato kwana huɗu, wanda ya yi gaggawa ya cike tun mako guda ya yi aikin banza. Ana ɗora hoton shafin fasfo da hoton fuska, a sa lambar jirgi da sunan masauki, a ƙarshe ya ba ka lambar QR. Kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu. Duk shafin da ya nemi katin banki a kan wannan fom, ɗan tsakani ne ya kafa tarko. Su kuma tuna agogon can yana gaban namu da awa huɗu.

Ina cikin wannan bayani idona ya kai kan tikitin Amira. Yaron ya sa mata sunan dangin miji, fasfonta kuma yana ɗauke da sunan mahaifinta. Na nuna wa Kawu. Ya ce ai matar Nura ce. Na ce na'ura ba ta halarci ɗaurin aure ba, harafi da harafi take bi. Ya yi dariya a karon farko, sannan ya tambayi nawa ne gyara, dariyar ta ɗauke.

Da muka zo kan kwastan sai ya saki jiki, ya ce nan kam ba ruwansu. Gaskiyarsa a wani ɓangaren. Giya, naman alade, gumakan bauta, hotunan batsa, kayan yaɗa wani addini, miyagun ƙwayoyi, makamai, karnuka, duk an hana shiga da su, kuma kowace jaka sai ta bi ta na'urar haskawa. Giyar da Turawa ke saya a hanya ma karɓe ta ake yi, a ba su rasit su karɓa ranar tafiya. Amma akwai abubuwa uku da ke kama namu. Na farko sigarin lantarki, an hana shigar da shi tun 15 ga Nuwamba 2024. Na kalli Kawu, ban ambaci suna ba, shi ma bai tambaya ba. Na biyu magani. Duk mai ɗauke da kodin ko tiramadol ko maganin barci sai da takardar likita, cikin kwalinsa na asali, gwargwadon kwanakin tafiya. Na uku, wanda na fi tsoro, ƙulle-ƙullen da Gwaggo za ta cusa wa amarya a jaka. Gari a leda, ba suna ba rubutu. Mu mun san mene ne, jami'in kwastan na tsakiyar Tekun Indiya bai sani ba, kuma ba zai ɗanɗana ba, tsare mutum zai yi har a gwada. Na ce a bar su a gida, mako ɗaya ne. Idan Nura zai tafi da ƙaramin jirgin ɗaukar hoton nan nasa, shi ma sai da izini, otal da yawa ma ba sa yarda.

Otal ɗin da aka zaɓa ba a zuwa sai da jirgin da ke sauka a kan ruwa, kuma ba ya tashi da dare. Wanda ya sauka bayan la'asar kwana zai yi a Male ko tsibirin Hulhumale da kuɗinsa. Kaya kilo 20 da jakar hannu kilo 5, abin da ya haura sai biya. Akwatunan lefe ba su da wuri. Farashin da yaron ya gani ma ba shi ne na ƙarshe ba: harajin yawon buɗe ido kashi 17 cikin ɗari tun Yulin 2025, ladan hidima kashi 10, da harajin muhalli dala 12 kan kowane mutum a kowane dare. Kawu ya ce, "Wannan ƙasar ba biza ko ƙasar ba tausayi?"

Yana bakin ƙofa ya juyo. Ashe Amira ta je Umra da Gwaggo shekarun baya. Na miƙe tsaye. Saudiyya ma tana neman wannan kati daga 'yan Najeriya, kuma tun Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. In an yi mata kuma katin yana nan, kwana goman nan sun faɗi. Idan tsohon samfuri ne, a kai shi wurin jami'an lafiya na filin jirgi tare da fasfo gobe. Ya ce za a duba akwatin Gwaggo. Wanda ya san akwatin nan ya san ba aikin yini ɗaya ba ne.

Bayan ya tafi na kasa komawa kan fom ɗin Umra. Na gaya masa kada su tsinto murjani ko yashi ko ƙoƙon kunkuru su sa a jaka, an hana fita da su, to tun daga nan wuri, kuɗin mutanen da, ya faɗo min a rai. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, wanda daga jam'insa muka samu kalmar kuɗi, da yawa daga cikinsa daga waɗannan tsibiran aka kwaso shi. Har yau hoton wuri ne tambarin hukumar kuɗinsu. Jiragen Turawa sun yi ta jibge shi a gabar Afirka ta Yamma, kuma abin da aka fi saya da shi a can mutane ne. Ya shigo buhu-buhu ba wanda ya tambaye shi takarda. Yau ga jikar masu ƙirga shi za ta je ganin inda ya fito, ina nan ina haɗa mata takardu biyar cikin fayil, ina kuma koya wa mijinta yadda zai amsa tambaya a taƙaice idan aka ware su gefe saboda koren fasfo. Ban gaya wa Kawu wannan ba. Ban ma san me ya sa ya dame ni haka ba.

Tuwo da miyar kuka a gida. Ummi ta ci jarrabawar lissafi, ta ce alkawarin takalmi yana nan. An ɗauke wuta tun magariba.

Ƙarfe goma da kwata Nura ya turo hoto. Kati ne mai ruwan ɗorawa, amma sunan Gwaggo ne a kai. Sun ce saura jaka biyu ba a buɗe ba.