Godiya daga gidan Dokta, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Takardar da muke jira daga Yawunde ta iso. Kwamitin ladabtarwa na Majalisar Likitocin Kamaru ya wanke maigidana daga zargin da aka yi masa. Alhamdu lillahi.

Da yawanku rabin labarin kuka ji, shi ma a WhatsApp. Daminar bara aka kawo wata baiwar Allah daga ƙauye cikin dare, naƙuda ta yi tsawo, jini na zuba. Aka yi mata aiki, jaririya ta rayu, uwar ta cika kafin asuba. Ba a yi sadakar uku ba sai ga saƙon murya yana yawo, wai likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga kuɗi. Danginta suka kai ƙara ofishin lafiya na yanki, aka yi bincike, takardun ƙarar suka wuce Yawunde.

Wasu sun yi ta tambayata ko ɗaure shi za a yi. Wannan majalisa ba ta ɗaure mutum. Dokar 1990 da ta tsara aikin likita ta ba ta hukunci huɗu: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa daga wata 3 zuwa shekara 1, sai soke suna daga jerin likitoci. Na ƙarshen ne ya hana mu barci. Mutum ya yi shekara 7 yana karatun likita, rana ɗaya a ce ko allura kada ya sake riƙewa.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga ungozomar da ta yi aikin dare ranar. Ba ta son a ambaci sunanta, amma ta san kanta. Rajistarta na gani da idona, bangon ya sha hannu har ya yi laushi, gefen takardun ruwa ya taɓa su. A ciki ta rubuta ƙarfe nawa aka shigo da matar, ƙarfe nawa aka kira Dokta, ƙarfe nawa aka shiga ɗakin tiyata, ƙarfe nawa jini ya iso. Har lambar cek sante ɗin marigayiyar ta rubuta, takardar nan ta sefa 6,000 da masu ciki ke saya a yankunan arewa, wadda ta haɗa awo da haihuwa har da tiyata. To mai wannan takarda kuɗin me za a nema a hannunta? Abin da ya ja lokaci jini ne. Babu irin nata a firji, sai da aka fita nema cikin ruwan sama. Yaya, a daren da kowa ya rikice ke ba ki ajiye biro ba. Allah Ya biya ki da gidan Aljanna.

Samarin nan biyu 'yan acaɓa da suka ba da jininsu, daga baya kuma suka ajiye sana'arsu suka je suka ba da shaida, Allah Ya yi muku albarka. Lauyanmu, mun gode da haƙurin kiran tsakar dare. Baffa na unguwar Birketiri a Yawunde, kai ka tarbi Dokta a tasha da jirgin ƙasa na Ngaundere ya sauke shi da safe, ka sauke shi a ɗakinka, ka raka shi har ƙofar zauren majalisar. Ba mu da abin biyanka. Liman da dattawan unguwa, Inna da ta dawo gidanmu da zama, maƙwabtanmu Fulani da ba su fasa aiko da kindirmo ba, useko, mun gode.

Akwai kuma waɗanda suka riƙa sauya layi in sun hango ni a kasuwa. Na gan ku, na kuma yafe.

Yanzu ga roƙona, da babbar murya. Kada wanda ya ce yana ƙaunarmu ya zagi dangin marigayiya. Mutumin nan ya kawo matarsa da rai, ya koma da gawa da jaririya a zani. Yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka yi, kuma ta hanyar da doka ta buɗe ya bi. Ba shi ya naɗi saƙon muryar ba. Dokta da kansa ya ce in an hana mutane kai ƙara, likitan da ya yi sakaci da gaske ne zai ji daɗi. Duk mai saƙon nan a wayarsa ya goge, wanda ya tura shi wani zauren WhatsApp ya daure ya tura wannan ma.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gida, ladan ga marigayiya, Allah Ya jiƙanta Ya raya abin da ta bari. Ƙofa a buɗe take, mata ta ciki, maza a rumfar waje. Dokta zai koma aiki ranar Litinin, waɗanda aka ɗage wa ranar ganinsa su zo da katinsu na asibiti.