Idan lissafin manhaja ya ƙi haɗuwa da na banki a ofishin lauya

Kafin a fara bin sitetiment layi-layi, a fara duba kuɗin da aka buɗe watan da shi. In bai zo daidai da wanda aka rufe watan jiya da shi ba, to matsalar ba ta wannan watan ba ce: wani ya taɓa ko ya goge shigarwar da aka riga aka daidaita. Manhajar lissafi ta QuickBooks na ajiye tarihin wanda ya canza abu da ranar da ya canza, nan za a nufa.

In buɗewar lafiya take, girman giɓin kansa yakan faɗi inda ɓarnar take. Giɓin da ya rabu da 9 ba saura, galibi lambobi aka juya, an rubuta 450,000 a madadin 540,000. Wanda ya ninka wani kuɗi sau biyu cif, an sa shiga a gurbin fita. Mai wutsiyar kwabo kuwa cajin banki ne: tiransifa sama da naira 50,000 tana cin naira 50, da VAT na kashi 7.5 ta zama 53.75. Ga kuɗin alat, ga harajin naira 50 kan tiransifar da ta kai 10,000. Manhaja ba ta san da su ba sai an shigar.

A nan ofishin lauya ya bambanta da shago. Dokokin asusun lauyoyi na 1964 sun wajabta a ware kuɗin mutanen da ake wakilta a asusu daban. Duk cajin da banki ya cira daga wannan asusun, kuɗin amana ya taɓa, sai ofis ya mayar daga nasa. Shi ya sa abu uku ake haɗawa: sitetiment, littafin asusun, da jimillar abin da kowane mutum ke da shi a shafinsa. Biyun farko na iya haɗuwa alhali an biya kuɗin shigar da ƙarar wani a Babbar Kotun Ikeja da kuɗin wani. Shafin da ya faɗa ƙasa da sifili shi ke tona wannan.

Wani abu da ke yawan faruwa a Legas: ɗan kasuwa a Mile 12 ko Agege ya turo kuɗi ta hannun mai POS, sunan da ya fito a banki ba nasa ba. Kada a yi hasashe. A ajiye shi a shafin kuɗin da ba a gano mai shi ba, a nemi rasit.

Kamfanin da ofis ya yi wa aiki kuma yakan zaftare haraji daga kuɗin aikin tun kafin ya biya. Aikin miliyan 1 da VAT ya zama 1,075,000, ya cire kashi 5 na miliyan ɗin, 1,025,000 ta shigo. Wannan 50,000 ba bashi ba ce, shafin haraji za ta, a bi shi ya kawo shaidar biya.

Wajen ɗora sitetiment a manhaja a lura da kwanan wata. In an saita ta a tsarin Amurka, 03/04 zai koma 4 ga Maris, kuɗin Afirilu ya fice daga watansa. Ɗora fayil sau biyu ma na ninka komai. Cekin da ba a kai banki ba a bar shi a jerin masu jira, in ya wuce wata shida a soke shi a rubuta sabo.

Maɓallin manhaja da ke cike giɓi da kansa, a asusun amana ban yarda a taɓa shi ba ko kan naira 10, domin babu shafin mutumin da wannan shigarwar za ta zauna.