Na Shiga Gidan Duke na Alba da Tikiti

Ƙarfe takwas na safe jirgin ƙasa ya tashi da mu daga tashar Atocha a Madrid, babban birnin Sifen, kafin sha ɗaya muna Sebiya. Hanyar duk gonakin zaitun ce, sai Kurɗuba da muka tsaya na 'yan mintoci.

Gida ɗaya ne ya kai ni garin, Las Dueñas, gidan zuriyar Alba. Na zaci zan tarar da dogarai. Mai sayar da tikiti na tarar, don tun 2016 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙasan gidan. Benen kuwa na iyalin ne, ba a hawa.

Tsakar gidan ta riƙe ni fiye da ɗakunan. Bishiyoyin lemo, ƙasa rawaya, da zanen bango irin wanda maginan Andalus suka ci gaba da yi bayan mulkin Musulmi ya ƙare. A ciki ga kawunan bijimai rataye a bango, abin da har na fito bai kwanta mini ba.

Sarautar Duke na Alba, ɗaya daga cikin manyan sarautun gado na Sifen, tsohuwa ce. Sarki Enrique na Huɗu na Kastila ne ya naɗa García Álvarez de Toledo Duke na Alba a 1472, tun daga nan gado ake yi. Manyan masu sarauta irinsu, waɗanda ake kira Grande, a da suna da izinin tsayawa gaban sarki da hula a ka. Na yi murmushi: mu takalmi muke cirewa a fada, su girmansu a hular da ba su cire ba yake.

A wannan gida Cayetana, ta 18 a jerin masu riƙe da sarautar, ta rasu a Nuwamban 2014 tana da shekara 88. Sarautu sama da 40 ta haɗa ita kaɗai, don kowace auratayya da wani babban gida sai ta jawo wa zuriyar ƙarin sarauta. A ƙofar nan ta taka rawa ranar aurenta na uku a 2011, tana da shekara 85.

To amma wa suke mulka? Babu kowa. Jamhuriyar da aka kafa a Sifen a 1931 ta soke sarautun, Janar Franco, wanda ya mulki ƙasar bayanta, ya maido su a 1948. Yau suna ne kawai, ba hakimai, ba talakawa, magaji ma sai ya biya haraji kafin sarautar ta zama tasa. Dokar 2006 kuma ta daidaita mace da namiji, ƙane ba ya tsallake yayarsa don shi namiji ne.

Na tambayi wani ma'aikaci ko Duke Carlos, ɗan marigayiyar, yana sama.

"Yakan zo," ya ce mini, ya nuna agogonsa. Lokacin rufewa ya yi.