Abin da maganin antibodi ya koya wa masu jinyar sankarar jini

Tun 1997 da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da rituximab, maganin antibodi (nau'in furotin na garkuwar jiki mai kama alama guda) da ake ba wa masu sankarar jini ta hanyar ƙarin ruwa, darasi ɗaya ne ke ta dawowa: maganin ya san alamar da zai kama, amma bai iya bambance ƙwaya mai cuta da lafiyayya ba. Wata alama mai suna CD20 yake nema a jikin ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kuma duk wadda ke ɗauke da ita zai cafke, ta sankarar limfoma ce ko lafiyayya ta garkuwar jiki.

Nan ne ciwon hanta nau'in B ke samun ƙofa. Ƙwayar cutar kan kwanta shekara da shekaru shiru. Da ƙwayoyin B sun ƙare sai ta farka, wani lokaci watanni bayan an gama magani, majinyaci na murna, ido ya fara yin rawaya. Shi ya sa kafin ɗigon farko ake gwajin jini biyu, HBsAg mai nuna cutar na jiki yanzu, da anti-HBc mai nuna an taɓa kamuwa da ita. Na farkon kaɗai bai isa ba, don wanda jikinsa ya danne cutar tuntuni ma tana iya tasar masa. Wanda aka samu da ita a ɗora shi kan maganin ciwon hantar, entecavir ko tenofovir, har aƙalla wata 12 bayan ƙarin ruwa na ƙarshe. A yankinmu, inda ciwon hantar nan ya yi yawa, tsallake wannan gwaji ganganci ne da rai.

Ranar farko ba ta son gaggawa. Ma'auni shi ne miligiram 375 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. A ba da farasitamol da maganin ƙaiƙayi tukuna, a fara da miligiram 50 a awa, a riƙa ƙara 50 duk minti 30, kada a wuce 400 a awa. Zazzaɓi, makyarkyata da sarƙewar numfashi sun fi zuwa cikin awa biyun farko, musamman ga mai tarin ƙwayoyin sankara a jini, domin suna mutuwa ne a tare. A tsayar da ruwan nan take, in matsalar ta lafa a ci gaba da rabin gudun. Kwalbar kuwa firji take so, digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, kada a girgiza ta.

Daratumumab, wani maganin antibodi na masu miyeloma (sankarar ɓargo), wanda ya fito a 2015, nasa rikicin a ɗakin gwajin jini yake. Alamarsa CD38 akwai kaɗan a jajayen ƙwayoyin jini, sai gwajin dacewa ya nuna kamar babu ledar jinin da za ta karɓi mutumin, alhali maganin ne ya manne a jikin ƙwayoyin. Hakan na iya ɗaukar wata 6 bayan an daina shi, ga masu miyeloma kuma da yawan buƙatar ƙarin jini. A tantance jinin majinyaci dalla-dalla kafin a fara, a sanar da ɗakin gwaji su wanke ƙwayoyin gwajinsu da sinadarin DTT, shi kuma a ba shi kati ya riƙa yawo da shi.