Arthur Lewis da wata 15 da ya yi a Ghana

Duk wanda ya taɓa zama a ajin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa ya ji sunan Arthur Lewis, galibi a kan allo, gefen wani zane mai layuka biyu: ƙauye a gefe guda, masana'anta a ɗaya gefen. Ni zanen bai taɓa burge ni kamar rayuwar mutumin ba.

An haife shi a 1915 a tsibirin Sen Lushiya da ke yankin Karibiyan, lokacin Turawan Ingila na mulkin wurin. Iyayensa duka malaman makaranta ne. Mahaifinsa ya rasu yana shekara 7, uwa ta ci gaba da renon 'ya'ya maza biyar ita kaɗai. Ƙwaƙwalwarsa ta sa ya gama sakandare yana shekara 14, amma bai isa zana jarrabawar samun tallafin karatu ba, sai ya kama aikin akawu a ofishin gwamnati yana jira. A 1932 ya ci tallafin. Injiniya ya so zama. Sai dai ya san ba gwamnatin mulkin mallaka, ba kamfanonin sukari na Turawa, babu mai ɗaukar baƙar fata aikin injiniya. Da haka ya tafi Makarantar Tattalin Arziki ta Landan ya karanta harkar kasuwanci, ya fita da daraja ta ɗaya a 1937, ya sami digirin digirgir a 1940. Ya koyar a nan, shi ne baƙar fata na farko cikin malamanta, kafin Jami'ar Mancesta ta ba shi kujerar farfesa a 1948, yana shekara 33.

A Mancesta ya rubuta maƙalar 1954 da ta ɗaga sunansa. Tambayar da ta dame shi ita ce: me ya sa albashin lebura a ƙasashe matalauta ba ya motsi ko da jari na ƙaruwa? Amsarsa: akwai hannaye a karkara da suka fi aikin da ke wurin yawa. Gonar da mutum uku za su iya nomewa, mutum shida ne a kanta. In biyu suka tafi birni, amfanin gona ba ya raguwa. Mai masana'anta kuwa yana ɗibar ma'aikata a kan kuɗi kaɗan sama da abin da ƙauye ke ba su, ribarsa ta taru, ya sake zuba ta a injina, ya ɗauki wasu. Haka ake tafiya har rarar hannayen ta ƙare, sannan albashi ya fara hawa. Wannan gaɓar ce masana suka yi ta muhawara ko Sin ta kai ta a wajajen 2010.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka juya maganar. Da yawa sun ɗauka malamin cewa ya yi a yi watsi da manomi a rungumi masana'anta. Alhali a rahoton da ya rubuta wa Gold Kos (sunan Ghana kafin 'yancin kai) a 1953, abu na farko da ya sa a gaba shi ne ƙara yawan abincin da manomi ɗaya ke iya fitarwa. Hujjarsa a fili take. Manomin da ba shi da rara ba zai sayi abin da masana'anta ta ƙera ba, kuma in abinci ya yi tsada a birni, albashi ya tashi, riba ta narke.

Sai Ghana. Da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1957, Kwame Nkrumah ya kira shi ya zama mai ba shi shawara kan tattalin arziki. A lokacin baitulmali na da kuɗin koko da aka tara, kowane minista kuma da nasa aikin da yake so a sa a tsarin raya ƙasa. Lewis ya zauna yana auna kowane aiki da abin da zai dawo da shi, yana cewa wannan ya biya, wancan ado ne kawai. Nkrumah ya amsa masa a wasiƙa cewa shawarwarinsa na iya zama daidai ta fuskar tattalin arziki, amma shi ɗan siyasa ne, dole ya yi kasada. A ƙarshen 1958 Lewis ya tattara kayansa.

Ban ga laifin Nkrumah gaba ɗaya ba. Shugaban da ya yi wa jama'a alkawarin sabuwar rayuwa ba zai koma musu da lissafin riba da asara kaɗai ba. Amma wanda aka ɗauko don ya faɗi gaskiyar lissafi, in ya fara tausasa ta don kada a ɓata, to ya daina aikin da aka kira shi yi. Lewis bai tausasa ba, kuma bai tsaya yana cin albashi ana amfani da sunansa ba. A 1965 ya fitar da ɗan littafi kan siyasar Afirka ta Yamma inda ya soki tsarin jam'iyya ɗaya, a zamanin da masana da dama ke ba shi uzuri.

Sauran tafiyar an fi saninta. Ya shugabanci Jami'ar West Indies, ya koma Jami'ar Firinston a Amurka a 1963, ya ɗauki hutu daga can ya zama shugaban farko na Bankin Raya Karibiyan a 1970. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da masani ɗan Amurka Theodore Schultz, wanda, abin dariya, yana cikin masu musanta cewa akwai rarar hannaye a gona yadda Lewis ya zana. Ya rasu a Barbados a 1991, aka binne shi a Sen Lushiya, a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa.